Faifan Roba da Girman Kan Dakta

A watannin da na yi ina bincike a wata jami'a ta jihar Wisconsin a Amurka, likita ya ce jinina ya hau, ya umarce ni da tafiyar ƙafa kullum. Ni kuwa ban taɓa iya tafiya babu inda za ni ba. Da na koka wa abokin aikina, sai ranar Asabar ya kai ni wani wurin shaƙatawa na jama'a, ya miƙo mini faifan roba.

Wasan golf ne, amma babu sanda babu ƙwallo. Faifan ake jefawa daga wurin farawa zuwa wani kwandon ƙarfe da ke kan turke, sarƙoƙi na reto a samansa don su tare faifan ya faɗa ciki. Inda ya sauka, daga nan za ka sake jifa, wanda ya fi ƙarancin jifa shi ne gwani. Ed Headrick ne ya kafa filin farko na dindindin a Oak Grove, jihar Kalifoniya, a 1975. Da ya mutu a 2002, tokar gawarsa aka cuɗa cikin faya-fayai bisa wasiyyarsa. Wannan kam al'adarsu ce, na bar musu.

Filin namu na 'yan koyo ne: kwanduna 9, tazara gajera, itatuwa jefi-jefi, ana sa ran jifa 3 ya isa kowane kwando. Na raina shi. Na zaɓi faifai mai kaifin baki, na cin dogon zango, na wurga da dukan ƙarfina. Ya tashi sama, ya karkata hagu, ya shige cikin ƙaya. Na biyu ya bugi itace. A kwando na farko jifa 8 na yi.

Wata yarinya da ba ta wuce shekara 10 ba, tana jiran mu wuce ita da kakarta, ta ce mini faifan ya fi ƙarfin hannuna. In ɗauki mai dakusasshen baki, in riƙe shi a kwance, in jawo shi ta gaban ƙirjina, in daina faɗa da shi. Raina ya sosu. Shekara 15 ina gyara wa mutane, na manta ɗacin a gyara maka a bainar jama'a. Nan take fuskokin 'yan aji ɗaya suka faɗo mini, waɗanda nakan amsa tambayarsu da "Wannan ma ba ka sani ba?" Ita yarinyar ba ta faɗa mini haka ba. Nuna mini kawai ta yi, sau biyu, ta koma wurin kakarta.

Na bi maganarta ina gunaguni. A kwando na 7 faifan ya tafi sak, sarƙoƙi suka yi ƙara, tsohuwar ta tafa mini.

Na dawo gida da faifai 2 a jaka. A makon farko na zango wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya yi tambayar da amsarta ke shafin farko na littafi. Tsohuwar maganar ta zo har bakina. Na juya ga allo, na ce, "To, mu sake daga farko."