Fitilun Bayan Tirela

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sam mini ɗan fili a cikin jaridarka, in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wata rigima da ta auku tsakanina da ɗan wana, a kan wata 'yar waya wadda tsawonta bai kai taƙi biyu ba. Ni dai mai gyaran wutar mota ne, irin waɗanda 'yan tasha ke kira rewaya. Rumfata tana Kurmin Mashi, a bakin hanyar Nnamdi Azikiwe, na kuwa yi shekara talatin da 'yan kai cikin wannan sana'a.

Ran wata Laraba cikin watan Agusta, gab da magariba, ruwa ya ɗauke ke nan, sai yaron nan ya aiko mini yaron motarsa bisa babur, wai in zo Kawo maza, fitilunsa sun haukace. Da na isa na tarar da tirela ta ɗauko taki buhu 600, za ta Kano. Ya tarye ni ya ce, "Baffa, tun daga Tafa sau uku ina sake ƙwan fitila, abin sai gaba yake yi." Na ce ya hau ya kunna ƙananan fitilu, ni kuwa na tsaya a baya. Suka kama ja wur. Na ce ya taka birki, sai duk suka mutu. Ya ba da sigina ta hagu, sai hagu da dama suka shiga lumshewa tare kamar idon mai gyangyaɗi. Yaron mota ya matso kusa da ni ya ce a ganinsa sammu ne, don maigidansa yana da mahassada a tasha. Na ce masa sammun nan na san sunansa.

Ga yadda abin yake, domin amfanin wanda bai sani ba. Wutar mota kamar ɗan aike ce, in ta fita daga batir ta je ta kunna fitila, tilas ne ta komo inda ta fito. Hanyar komowarta ita muke kira at, watau ko dai ta bi farar waya, ko ta bi jikin ƙarfen mota. To, in aka toshe mata wannan hanya ba za ta zauna ba, sai ta ratsa ta cikin wani ƙwai ta bi wayar maƙwabciyarta, ta yi ta kunna fitilun da ba a aike ta gare su ba. Ƙwan baya kuwa zare biyu gare shi, mai wat 21 na birki da mai wat 5 na dare. In an kunna su tare alhali ba at, kowanne ya tare wa ɗan'uwansa hanya, sai su mutu duka. Saboda haka duk direban da ya ga fitila ɗaya ta mutu, ya tuhumi ƙwai. Wanda ya ga suna wasa da juna kuwa, ya bar ƙwai ya huta, ya nemi at.

Kayan aikina a nan ba wani abin mamaki ba ne, ƙwan fitila ne mai ɗaukar bolt 24 da na ɗaura wa waya biyu. Na ce 24 domin manyan motocin Turai da na Sin batir biyu suke haɗawa, na Amurka ne suka fi aiki da 12, wanda ya sa ƙwan 12 a motar 24 kuwa zai ga ya yi walƙiya sau ɗaya ya ƙone. Ƙa'idata ita ce a faro daga kan mota a yi baya, kada a yi tsalle. Na zare filogi, na gwada bakin nan bakwai na soket ɗaya bayan ɗaya: ja na birki, rawaya siginar hagu, kore ta dama, baƙi da ruwan ƙasa na fitilun dare. Duk lafiya lau. Sa'an nan na kwance filogin da ke shiga tirela, sai ga farar waya ta tsinke, bakinta ya yi kore shar, alamar ta daɗe a haka. Ashe tun tuni wutar tana komowa ne ta farantin ƙarfen nan da tirela ke zama a kai. Na ce, "Yaushe ka sa wa faranti giris?" Ya ce, "Shekaranjiya." Giris ba ya ba wuta hanya, ga kuma tsatsar damina. Na gyara wayar, na kankare gindin notin fitilun baya da samfefa, nan take kowace fitila ta kama aikinta.

Da a nan na tsaya, da mun rabu ana dariya. Amma da na buɗe akwatin fis, sai na tarar an naɗa wayar jan ƙarfe a gurbin fis na fitilun dare na hagu. Na cire ta na sa fis na kirki, na ce yaron mota ya girgiza damin wayar da ke bin ƙarƙashin tirela. Bai girgiza sau uku ba fis ya tsinke. Watau akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe, tirela kuwa ƙafa 40 ce, ga duhu, ga taɓo. Na ce sai da safe.

Ya ce, "Baffa, mayar mini da wayata yadda ka same ta. Mai kaya ya kira ni sau bakwai, in ban kwana Kano ba da kuɗina za a biya." Na ce ba da hannuna ba. Ya ce to shi zai naɗa da nasa. Sai na miƙa hannu na zare makulli na jefa aljihu. Ya dube ni a gaban yaronsa ya ce tsufa ne ya sa mini tsoro. Ban tanka ba, gama gaskiya ya faɗa, sai dai bai san mafarin tsoron ba, har yau kuwa ban gaya masa ba. Ga shi zan faɗa a jarida.

Sa'ad da ina sabon yaye daga hannun maigidana, wani direba ya zo mini da irin wannan cuta, yana sauri, ya ba ni kuɗin da ya fi na yini biyu, na naɗa masa waya a gurbin fis. Fis kuwa an yi shi ne don ya mutu a madadin mota, in ka hana shi mutuwa sai damin waya ya yi zafi ya narke. Haka ta faru gaba da Jaji. Fitilu suka ɗauke, ya tsaya a gefen kwalta, yaransa suka karyo ganye suka zuba a hanya. Ganye ba ya haske. Mota mai gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, kafin direba ya gane abin da ke gabansa ya ɗaga ƙafa, ya riga ya isa. Wata ƙaramar motar haya ta shige ƙarƙashinsa, mutum uku suka riga mu gidan gaskiya. Ba wanda ya tuhume ni, don ba wanda ya sani sai ni da direban. Na sani ajali ba ya wuce lokacinsa, amma na san kuma hannun da ya naɗa wayar nan.

Gari na wayewa na shiga ƙarƙashin tirela. Ban yi rabin sa'a ba na sami wurin, inda damin waya ya ratsa wata huda a jikin ƙarfe, robar da ke bakin hudar ta faɗi, ƙarfe ya yi ta cin baƙar waya har ya kai ga jan ƙarfenta. Na yanke, na haɗa da darma, na sa mata riga, na aika tsohuwar Panteka aka sayo sabon filogi. Duk abin da aka kashe bai kai kuɗin buhu ɗaya na takin da ke bisa ba. Ya karɓi makulli bai ce mini uffan ba.

Roƙona ga Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988 saboda irin wannan, da shugabannin direbobi na Kawo da Mando da Mararrabar Jos, shi ne a riƙa sa kowane direba ya taka birki ya ba da sigina wani na tsaye a baya kafin a bar shi ya tashi da dare. Abin ba ya cin minti biyu. Masu kaya kuma su ji tsoron Allah su rage kira, gama yawancin wayar da ake naɗawa a gurbin fis, kiransu ne ke naɗa ta.

Shi ɗan wan nawa, mai kaya ya yanke masa wani abu cikin ladansa, tun ran nan kuwa bai tako gidana ba, ko da ya kwana Kaduna. Ubansa ya ce in ƙyale shi ya huce. Amma makon jiya yaron motarsa ya zo rumfata, wai in haɗa masa ƙwan gwaji irin nawa, in kuma rubuta masa launin wayoyin nan a takarda. Na haɗa, na rubuta, na ƙara masa da fis biyar. Ban tambaye shi wanda ya aiko shi ba.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani mai gyaran wutar mota,
Kurmin Mashi, Kaduna.