Maldibs: Ƙasar Da Jirgin Ruwa Ne Motar Asibitinta

A wannan wata filinmu zai leƙa Maldibs, ƙasar Musulmi da ke cikin tekun Indiya, kudu maso yamma da Sri Lanka. Musulunci ya kafu a can tun shekarar 1153, kuma shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya taɓa riƙe alƙalanci a ƙasar.

Tsibiranta sun kai kimanin 1,190, amma waɗanda mutane ke zaune a kai ba su cika 200 ba. Wani tsibirin za ki zagaye shi da ƙafa tsakanin la'asar da magariba: bishiyoyin kwakwa, farin rairayi, masallaci, makaranta, sai jiragen masunta da suke kira "doni". To idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ga teku ya tashi, ga babban asibiti yana can Male, babban birnin ƙasar, ina mafita?

Hukuma ba ta jira ranar da kowane tsibiri zai sami babban likita ba. Ta horar da 'yan tsibiran kansu su zama ma'aikatan lafiyar iyali, masu bi gida-gida suna duba masu juna biyu, suna awon yara da rigakafi. Ungozomomin gargajiya, waɗanda suke kira "fulhuma", su ma an koya musu gane alamun haɗari. Aka kafa wurin shan magani a kowane tsibiri mai mutane, abin da ya gagara kuma a ɗauki mai shi a jirgin ruwa zuwa asibitin yanki tun bai yi tsanani ba.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Rabon da zazzaɓin cizon sauro ya kama wani daga cikin ƙasar tun 1984, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi. A 2025 Maldibs ta zama ƙasa ta farko da ta daƙile yaɗuwar ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta nau'in B daga uwa zuwa jariri, duka ukun.

Uwargida, da yawanmu kan ƙi zuwa awo don gudun namiji ya duba mu. To wa zai duba mu idan ba mu bar 'ya'yanmu mata sun karanci aikin jinya da ungozomanci ba? Malamanmu sun ce irin wannan ilimi farali ne na kifaya.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Sai wata mai zuwa idan rai ya kai.