Hatimin Malam da Lissafin Turawa

A Kongolam, bakin iyakar ƙasar Daura da Nijar, akwai wani tsohon malami mai zana hatimi a allo. Ran nan jikansa, ɗan makarantar boko, ya zo hutu, ya leƙa allon, ya ce, "Malam, ai zamanin wannan ya wuce. Lissafi yana wajen Turawa."

Tsoho bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗan nan, haɗa mini lambobin layin sama." Yaro ya haɗa 4 da 9 da 2, ya sami 15. Ya haɗa a tsaye, ya haɗa daga kusurwa zuwa kusurwa, ko ta ina ya ɓullo cikin gidajen nan tara sai 15. Ya yi tsit.

Da yaron ya san tarihi, da bai yi gaggawar magana ba, gama Turawan da yake taƙama da su ba su raina hatimi ba. Cikin 1514 wani gwanin zane Bajamushe, Albirek Diyura, ya zana wata surarsa a kan farantin tagulla, ya sa mata hatimi mai gida 16, kowane layi yana ba da 34, har ya jera 15 da 14 a ƙasa, watau shekarar aikin. Cikin 1776 kuma babban masanin lissafinsu, Oila, mutumin Suwizalan, ya yi rubutu a kan ƙa'idar hatimi. Dukansu biyu Kiristoci ne masu riƙon addininsu.

Tsakanin waɗannan biyu akwai namu, Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu Bafilatani Bakatsine. Bayan ya sauke farali ya zauna Alƙahira, ya wallafa littafi da Larabci mai bayyana hanyoyin cika gidajen hatimi. Can ya rasu cikin 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti. Allah Ya jiƙansa.

Ko hatimi yana magani ko ba ya yi, wannan hukuncin malamai ne. Amma lissafin da ke cikinsa ba mai musunsa. Abin tsoro shi ne, littattafan irin tsohon nan suna jibge cikin gafaka, gara tana ci, jikoki kuwa sun juya musu baya.

Kashegari da asuba yaron ya shigo zaure, ya durƙusa, ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, mai gida 25 fa, yaya ake cika shi?"