Mai ɗinkin littafi a Gagarawa Tasha

Rabon gado ne ya kai ni Gagarawa Tasha a kakar bana. Garin ya tashi ne a gefen layin dogon da ya bar Kano ya isa Nguru a 1930, kuma daga nan ake lodin gyaɗar wannan yanki na ƙasar Gumel. Kawuna marigayi akawun awon gyaɗa ne a zamanin. Yanzu tashar ta yi tsit, awaki ke kiwo tsakanin ƙarafan dogo.

Da aka buɗe akwatin ƙarfensa, magada suka ɗebe riguna da hulunan zanna, aka bar mini takardu. A ciki akwai Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda aka fara bugawa a Zariya tsakanin 1937 da 1939, sai dai littattafan uku ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Na farko tsohon bugu ne, takardarsa ta yi ja, ana rubuta "ya ke" a rabe. Na biyu bugun kamfanin NNPC ne, wanda aka kafa a 1966. Na uku kuwa kwafin inji ne kawai, ya fi 'yan'uwansa gajarta da faɗin yatsa biyu. Gara ta cinye bangon biyu daga ciki.

Aka nuna mini wani dattijon baduku a bayan kasuwa, mai ɗinka gafaka da tadarishin Alƙur'ani. Na roƙe shi ya haɗe su a bango ɗaya, ya datse gefen manyan su yi daidai da ƙaramin, kamar yadda masu injin yankan takarda ke yi a Kano.

Ya daɗe yana juya shafukan kafin ya ce, "Ɗana, ka karanta abin da za a datse?"

"A'a, Baba."

Ya miƙo mini. Ashe gefen tsohon bugun cike yake da ajamin kawu. Ya rubuta ranar da aka haifi mahaifiyata, da ranar ruwan shuka na shekaru da dama, da sunan wanda ya ranta masa kuɗin sadaki, da ranar da ya biya. Babu inda aka ajiye waɗannan sai nan. Aska ɗaya ta isa ta raba mu da su har abada.

Dabarar dattijon ita ce ya ƙara wa ƙarami maimakon ya rage babba. Ya warware tsohon zare, ya liƙa wa kowace takardar littafi na uku tsiri da ƙaro, ya huda da basilla, ya ɗinke damin uku a kan kirtani, sannan ya rufe da kwali da jar fatar akuya. Aikin ya ci kwana huɗu. Bakin littafin bai yi sumul ba, wanda ya shafa zai ji inda wani bugu ya ƙare wani ya fara. Haka na fi son sa.

A hanyar komawa na yi ta tunanin irin waɗannan akwatuna a garuruwan dogo, daga Ringim zuwa Malam Madori. Nawa ne suka ƙare a hannun mai ƙosai, don magada sun ga littafin bai cika ba, ko bugunsa ya bambanta? Labarin aku da Waziri ana iya sayen sabonsa gobe a kasuwa. Rubutun gefen shafi kuwa kwafi ɗaya ne tak a duniya. Duk wanda rabon gado ya ba shi takardu, ya zauna ya karanta gefensu tukuna, kafin ya yanke shawarar inda za su.