Layukan da ke Fuskar Sardauna

Kawuna magini ne, cikin 'yan kaɗan da suka rage a Tudun Wada masu iya tayar da zane a fuskar gida: dagi, da takobi, har da keke idan maigida ya so. Ni kuwa zanen takarda na karanta a Samaru. Mun daɗe muna zaune zaure guda, kowa na ganin sana'ar ɗan'uwansa wasa ce.

Wata rana da la'asar ya miƙo mini naira ɗari biyu in sayo masa goro. Na tsaya ina kallon fuskar Sardauna, sai na ce, "Kawu, dubi nan da kyau." Ya matso da takardar kusa da ido. Babu fenti a fuskar. Layuka ne ƙanana, inda suka cunkushe duhu ya fito, inda suka warwatsu haske ya bayyana. Na gaya masa cewa wannan dabara ta girmi naira da ƙarnuka. Albrecht Durer, Bajamushen birnin Nurembag da ya rasu a 1528, yana cikin waɗanda suka kai ta ƙololuwa: a yanka farantin tagulla da ƙarfe mai tsini, a cusa tawada cikin ramukan, a danna takarda. Hannunsa na nan a aljihun mai shayi da mai faci, ko da ba su taɓa jin sunansa ba.

Daɗin labari ya ɗebe ni, na ƙara masa da na karkanda. A 1515 aka kawo karkanda daga Indiya zuwa Lisbon. Durer bai gan ta ba. Wasiƙa da ɗan zanen wani ya samu, ya sassaƙa ta a katako da sulke kamar dokin lifidi, har ya ƙara mata ƙaramin ƙaho a doro. Turawa suka shafe fiye da shekaru ɗari biyu suna kwafar wannan kuskure a littattafansu, domin zanen ya fi dabbar shiga ido.

Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To kai ɗana, wane ne ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni?"

Na san amsar, Babban Gwani Muhammadu Durugu, amma nan sanina ya tsaya. Ban iya faɗin yadda ya ɗaura bakan gizo da azara ba, alhali ina iya zana karkandar Durer da ka. Kunya ta kama ni, musamman da na tuna cewa a garin nan ne, a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane don kada koyarwar Turai ta haɗiye su. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo. Onobrakpeya ya riƙe dabarar bugawa daga faranti, ya zuba mata tatsuniyoyin Urhobo. Sun zo daga nesa sun tuna gida. Ni da aka haifa bayan katangar dagi sai da aka yi mini tambaya.

Yanzu ranar Asabar nake bin Kawu wurin aiki. Ina kwaɓa masa ƙasa, ina kwafar zanensa a faranti kafin damina ko siminti su cinye shi. Ya ga bugun farko makon jiya, ya juya takardar sau biyu, ya ce dagin nawa ya rame.