Ƙwanƙwasa Ƙasa a Saurari Amsarta

A shekarar 2018 na tafka wani kuskuren fassara wanda har yau nakan ba ɗalibai labarinsa. Lokacin ina taimaka wa wani gidan rediyo a nan Tamale da juya labarai zuwa Hausa, saboda masu sauraro na Zango da sauran unguwanni. Aka miƙo mini labari cewa kamfanin man fetur na ƙasa, GNPC, yana gudanar da wani bincike a kwarin Volta, irin wanda Turawa ke kira sismik. Na buɗe ƙamus, na ga asalin kalmar daga Girkanci yake, ma'anarsa girgiza. Ban tsaya dogon tunani ba na rubuta cewa gwamnati ta fara binciken girgizar ƙasa a arewacin Ghana. Haka aka watsa shi.

Da na dawo gida Nyanshegu bayan magariba, na iske kawuna zaune a ƙofar gida, rediyo a kan cinyarsa. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, "Kai ɗana, wace girgiza ce kuka ce tana tafe? Ka san ginin nan na ƙasa ne." Ya taso yana jin manya suna ba da labarin girgizar da ta rusa gidaje a Accra a 1939, don haka maganar ba wasa ba ce a wurinsa. Na ce, "Kawu, ba haka ake nufi ba." Ya ce, "To yaya ake nufi?" A nan na kasa. Na fassara abin da ban fahimta ba.

Sai da na shafe makwanni ina karatu da tambaya kafin na iya koma masa da amsa. Ga yadda abin yake. Masu aikin kan ja dogon layi a daji, su kakkafa 'yan na'urorin sauraro a ƙasa, ɗaruruwa, tazara daidai. Sai su bugi ƙasa, ko dai da 'yar nakiya da aka binne a rami, ko da babbar mota mai faifan ƙarfe da take jijjiga ƙasa. Amon ya nutsa. Duk inda ya tarar da iyaka tsakanin wani irin dutse da wani, sai wani ɓangarensa ya dawo sama, kamar amsa-kuwwa a gindin tsauni, sauran ya wuce gaba. Na'urorin su rubuta lokacin da kowace amsa ta iso. Daga nan kwamfuta ta harhaɗa dubban amsoshin ta fitar da hoton shimfiɗun dutse hawa-hawa, da inda suka lanƙwashe, da inda suka karye.

Kawu tsohon mahaƙin rijiya ne. Ina gama bayani ya yi dariya ya ce, "Ashe ƙwanƙwasa ce." Ya ce su ma idan suna can ƙasan rami sukan doki gindinsa da diga su kasa kunne: marmara da amonta, fa da nasa, ƙasa mai damshi kuwa amonta a dushe yake. Kalmar da na nema a ƙamus na rasa, ga ta a bakin mutumin da bai taɓa buɗe ƙamus ba. A ganina fi'ilin da ya dace da wannan sana'a a Hausa shi ne "ji", domin mai binciken ba ya ganin komai. Bahaushe na cewa gani ya kori ji, amma a nan ganin sai an haƙa, haƙar kuwa miliyoyin daloli take ci.

Abin da na'urar ke aunawa lokaci ne, ba zurfi ba, kuma a nan wahalar take. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa cikin iska, kimanin 1,500 cikin ruwa, cikin dutse kuwa yakan kama daga wajen 2,000 har ya haura 5,000, gwargwadon taurinsa. A ce amsa ta dawo bayan daƙiƙa 2. Idan saurin mita 3,000 ne, amon ya ci mita 6,000 zuwa da dawowa, ke nan shimfiɗar tana zurfin mita 3,000. Idan kuwa saurin 3,300 ne, zurfin ya koma 3,300. Kuskure ɗan kaɗan a sauri ya ɗauke dutse daga mazauninsa da mita 300.

Saurin nan yana faɗin wani abu kuma, wanda rayukan mutane suka rataya a kansa. A al'ada, laka tana ƙara nutsewa, nauyin abin da ke bisanta yana matse ta, ruwan cikinta yana fita, tana ƙara tauri, sauti kuma yana ƙara gudu a cikinta. Amma wani lokaci ruwan kan rasa mafita, sai ya ɗauki nauyin da dutse ya kamata ya ɗauka, matsinsa ya hau. A irin wannan wuri sauti kan rage gudu inda ake sa ran ya ƙara. Wannan jinkirin gargaɗi ne ga masu haƙa. Su kuma makaminsu wata laka ce da ake kwaɓawa a riƙa turawa cikin rijiya domin nauyinta ya danne abin da ke ƙasa. In ta yi sakayau, gas ya taso ya fi ƙarfinsu. In ta cika nauyi, ta tsaga dutsen ta zurare ciki, rijiya ta zauna ba murfi. Duniya ta ga abin da rijiyar da ta kuɓuce ke iya yi a watan Afrilu na 2010 a mashigin tekun Meziko, inda dandamalin Deepwater Horizon ya kama da wuta, mutum 11 suka rasu.

To me za mu kira abin da masanan ke fitarwa kafin haƙa? Na auna kalmomi uku. Kintace ya yi arha, domin mai kintace ba ya bukatar hujja. Hasashe ya fi, shi ne ma 'yan jarida suka fi so, sai dai yana da ƙamshin hangen abin da bai faru ba, alhali dutsen nan yana wurinsa tun tuni. Ni na tsaya a kan ƙiyasi. Wanda ya yi karatun fiƙihu ya san ba a ƙiyasi sai da asali: abin da aka san hukuncinsa, sannan a gwada wanda ba a sani ba a kansa. A wannan ilimi asalin shi ne rijiyar da aka riga aka haƙa, aka auna saurin sauti da matsi a cikinta kai tsaye.

Asalin nan shi ne ya yi ƙaranci a ƙasar da muke takawa. Kwarin Volta ya haura murabba'in kilomita 100,000, kusan kashi 40 cikin ɗari na Ghana, kuma Tamale na cikinsa. A shekarun 1960 masana daga Tarayyar Sobiyet sun yi haƙar neman ruwa a nan, suka ci karo da ɓurɓushin mai a wasu ramukan. A 1977 kamfanin Shell ya haƙa rijiyar Premuase, bai samu abin sayarwa ba. Daga nan aka yi dogon shiru, hankali ya koma teku, inda aka samu filin Jubilee a 2007, har zuwa 2017 da GNPC ya ba kamfanin BGP na ƙasar Sin kwangilar wannan ƙwanƙwasa. Duwatsun kwarin kuma tsofaffi ne ƙwarai, shekarunsu ɗaruruwan miliyoyi, sun daɗe da ƙeƙashewa, don haka ma'aunin da aka gina a kan sabuwar lakar bakin teku ba ya zama a kansu sai an yi masa gyara.

Shi ya sa nake jin tsoron fi'ilin "gano" a bakin mai fassara. A ce "an gano mai a arewa", kafin azahar magana ta kai kasuwar Aboabo, matasa sun fara lissafin aiki, masu filaye sun fara lissafin farashi. Ƙwanƙwasa tana nuna inda dutse ya yi kumburin da zai iya tare mai, amma sau da yawa abin da ke cikin kumburin ruwan gishiri ne. NNPC ta haƙa rijiyoyi 23 a yankin tafkin Chadi na Borno ba ta samu man kasuwa ba, ga Nijar kuwa tana tace man Agadem kusa da Damagaram tun 2011. A Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, sai da ƙarfe ya shiga ƙasa a 2019 sannan kalmar "samu" ta halatta. Yanzu idan irin labarin ya zo hannuna nakan rubuta "binciken ƙarƙashin ƙasa ta hanyar amo", in kuma an ga wani abu in ce "an ga alama". Ya fi tsawo, mai karanta labarai ma ya taɓa yi mini ƙorafi, amma ban sauya ba.

Kawu dai bai damu da man ba. Ana cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, shi kuwa ya tona a Tamale shekara da shekaru, ya san sau nawa ya fito da busasshen hannu. Dutsen lakar da garin ke zaune a kansa rowa gare shi, shi ya sa ruwan famfonmu daga Farin Volta ake jawo shi a Nawuni, a tace a Dalun, kuma da rani yakan yi kwanaki bai iso unguwarmu ba. Ya ce, "Ɗana, in kunnensu na kai wa mita dubu uku, ka tambaye su ko sun ji ruwa a hanya." Na ce masa na neman ruwa da nasu na'urorin daban, masu auna kusa-kusa. Bai ce komai ba, ya tashi ya shiga gida ya fito da jarka biyu, don an ce motar ruwa ta tsaya a bakin titi.