Gajarta Jan Kunama

A Japan, inda dokar 1958 ta tsananta mallakar makamai, aka ƙago bindigar wasa mai harba ƙwayar roba ta milimita 6. A shekarar 1991 kamfanin Tokyo Marui ya fito da mai batir, wadda kunamarta wuta kurum take haɗawa. Don haka 'yan wasan sukan rage tazarar ƙarafa biyun da ke haɗa wutar, domin su riga abokin karawa harbi.

To, amma tazarar nan ita ce damar da yatsa ke da ita ta fasa harbi. Wanda ya gajarta ta ainun, taɓawa kaɗan sai ƙwaya ta fita, ga ta kuwa tana iya tsiyayar da ido. Ashe ba banza Bahaushe ya kira abin kunama ba.